Kala Ta Goce, Aiki Ya Ɓaci: Matsalar Saiti a Sana'ar Ɗab'i a Yola da Jimeta

Bangayen Jimeta ba sa rabuwa da fasta. Daga Jambutu zuwa Doubeli, daga Karewa zuwa bakin Kasuwar Zamani, ko'ina ka waiwaya takarda ce manne: ta ɗan takara, ta taron wa'azi, ta gangamin coci, ta makarantar kuɗi mai neman ɗalibai. Daga nesa kowace da kyanta.

Sai an matso kusa ake ganin abin da ke ci wa masu sana'ar tuwo a ƙwarya. A wata fastar leɓen mutum ya zama biyu. A wata, jan launi ya zarce bakin hula ya sauko kan goshi. A wata kuma rubutun ya yi inuwa, har mai karatu ya riƙa murza ido yana zaton ganinsa ne ya raunana.

Haka abin yake a katin gayyatar aure, da jotar da ake rabawa wurin biki, da rigunan da ƙungiyoyi ke bugawa. Gab da azumi, da bayan Sallah, da watan Disamba, lokacin da bukukuwa ke yawa kuma kowa ke son a ba shi aikinsa yau-yau, a nan ne aibin ya fi fitowa fili.

Masu shago kan ce kala ta goce, ko saiti bai hau ba. Sau da yawa gocewar ba ta wuce milimita ɗaya ba. Amma ita ke raba aikin da ake biya da fara'a da wanda ake dawowa da shi shago da rigima.

Wanda ke son ya fahimci matsalar, dole ya koma inda ɗab'i ya faro, wato bugu da sassaƙaƙƙen allo. A can ne ake koyon saiti da hannu da ido, tun kafin a taɓa inji.

Yadda ake bugu da allo

Mai aikin yakan zana hoto a kan allon katako, ko na lino, ko na roba. Sai ya sa kurfi ya ƙwaƙule duk inda ba ya son tawada ta taɓa. Abin da ya rage a tsaye shi zai ɗauki tawada. A shafa da rola, a ɗora takarda, a murza bayanta da cokali ko a danne da injin matsi, sannan a ɗaga. Hoto ya fito, sai dai a juye, dama ta koma hagu.

Sana'ar ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Hatimin da ake buga wa takarda a ofis ko a makaranta ɗan wannan gida ne, kuma har yanzu akwai masu yanka shi da reza a kan guntun roba. Yaran firamare ma suna gwadawa a darasin zane, su yanka dankali ko doya su tsoma a launi su danna a littafi.

Idan launi ɗaya ne, babu wata wahala. Wahalar tana farawa ne daga launi na biyu, domin kowane launi da allonsa. Takarda ɗaya za ta sauka a kan allo biyu, ko uku, ko huɗu, kuma a kowace sauka tilas ta faɗa daidai inda ta faɗa a baya. Ta kauce kaɗan, sai fari ya leƙo ta gefe guda, launuka biyu kuma su hau juna ta ɗaya gefen.

Injin zamani bai kawar da wannan ƙa'ida ba. Ƙananan maɗaba'u da yawa a Najeriya suna aiki ne da tsofaffin injuna masu buga launi ɗaya a lokaci guda, irin su Kord na kamfanin Heidelberg na Jamus. Hoto mai kala sai takarda ta ratsa injin sau huɗu: shuɗi, ja, rawaya, baƙi. 'Yan ƙananan alamun gicciye da ɗigogin launi da ake gani a gefen shafin jarida, aikinsu ke nan, su nuna wa mai inji ko launukan sun hau juna.

Tsohuwar matsala ce

Littafin da ya fi kowane daɗewa cikin waɗanda aka buga da allon katako kuma suke ɗauke da kwanan wata, a ƙasar Sin aka yi shi, a shekarar 868. Da baƙar tawada kaɗai aka buga shi. Ƙara launi ya ɗauki mutane ƙarnoni suna lalube.

A birnin Mainz na Jamus, a 1457, Johann Fust da Peter Schöffer sun buga littafin Zabura mai manyan haruffa ja da shuɗi. Dabarar da suka yi ita ce harhaɗa ɓangarorin harafin, a shafa wa kowane launinsa daban, a mayar da su wuri guda a buga gaba ɗaya. Wajen 1508 masu zane irin su Hans Burgkmair suka fara amfani da alluna fiye da ɗaya domin fitar da haske da inuwa. A 1516 Ugo da Carpi ya nemi hukumomin Venice a Italiya su ba shi haƙƙin mallakar irin wannan dabara.

Amma Jafanawa ne suka fi kowa warware matsalar, kuma ta hanya mafi sauƙi. A tsakiyar ƙarni na 18 masu ɗab'insu suka fara yanka 'yan tsagi biyu a jikin kowane allo, waɗanda suke kira kento. Ɗaya mai lungu ne, inda kusurwar takarda za ta shiga. Ɗayan miƙaƙƙe ne, inda gefenta zai jingina. Mai bugu ya zura kusurwar, ya jingina gefen, ya saki takardar.

Da waɗannan tsagi biyu, daga 1765, a zamanin mai zane Suzuki Harunobu, aka shiga buga hotuna masu launi goma ko fiye. Shahararren hoton nan na igiyar ruwan teku da mai zane Hokusai ya zana wajen 1831, dubban kofe aka buga da hannu ta wannan hanya. Ba lantarki, ba inji. Katako ne, da wuƙa, da natsuwa.

Daga Zariya zuwa gaɓar Binuwai

Injin ɗab'i ya shigo Najeriya ta Kalaba a 1846, kuma a 1859 aka fara buga jaridar Iwe Irohin a Abekuta. A Arewa, Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a Janairun 1939, Abubakar Imam yana editanta, sannan aka kafa Kamfanin Gaskiya a Zariya a 1945. A wancan zamani haruffan dalma ake jerawa a shafa musu tawada a danna a takarda, wato dai ƙa'idar allo ce aka mayar ta ƙarfe.

Ta fuskar zane kuwa, Zariya ce ta sake zama cibiya. A Kwalejin Fasaha da Kimiyya ta garin, wadda ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, wasu ɗalibai suka kafa ƙungiyar masu zane a 1958. Cikinsu akwai Uche Okeke da Demas Nwoko da Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya. Wannan na ƙarshen ya zama ɗaya daga cikin mashahuran masu ɗab'in zane a Afirka, kuma tun 1998 yake shirya taron horar da masu zane a garinsu, Agbarha-Otor, a Jihar Delta. Solomon Wangboje, wanda shi ma ya yi karatu ya kuma koyar a Zariya, ya yi suna da bugun lino mai launuka.

Daga wannan tushe malaman zane suka bazu a makarantun Arewa. A yau ɗalibin da ke son koyon sassaƙa allo a babban birnin Adamawa, ƙofofi biyu ne suka fi kusa da shi: sashen zane na Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke Jimeta, da sashen zayyanar masana'antu na Jami'ar Modibbo Adama da ke Girei, wadda aka kafa a 1981 a matsayin jami'ar fasaha ta tarayya.

Sai dai yawancin waɗanda ke cikin shagunan ɗab'i ba ta aji suka biyo ba. Gaban maigida suka tashi, daga shara da wanke rola har aka sakar musu inji. Abin da maigida ya iya shi yaro zai iya, abin da maigida ya tsallake shi ma ya tsallake.

Me ke sa a goce?

Abu na farko shi ne yankan takarda. Idan kusurwarta ba ta miƙe sosai ba, ko wasu fallaye sun ɗara wasu, to an ɓata saiti tun ba a buɗe gwangwanin tawada ba. Takardar da aka yanka da almakashi ko aka yaga da rula ba ta taɓa zama ɗaya.

Na biyu, sauya kusurwa. Mai koyo yakan jingina takarda da kusurwar dama a launi na farko, ya manta ya jingina ta hagu a na biyu. Ko da bambancin kusurwoyin kaɗan ne, zai bayyana a hoton.

Na uku, motsin allo. Ana cikin murzawa allon ya zame, ko takardar ta ja. Wannan ya fi samun masu murza da cokali, domin hannu ɗaya na aiki, ɗayan na ƙoƙarin riƙewa.

Na huɗu, allunan kansu. Idan an zana wa kowane allo hotonsa daban da ido, ba daga uwa ɗaya aka kwafo ba, ko saiti ya yi kyau launukan ba za su haɗu ba. Haka nan idan wani allo ya fi wani girma ko kauri.

Na biyar, wanda ya fi duka ɓarna, gaggawa. Mai aiki ya kawo da yamma yana so da safe. Ba a jira launin farko ya bushe ba aka ɗora na biyu. Ba a yi gwaji a takardar banza ba aka shiga ta kuɗi. Hausawa sun ce gaggawa aikin Shaiɗan ce, kuma a shagon ɗab'i ana ganin gaskiyar wannan magana da ido.

Hunturu da damina suna da nasu hannu

Akwai wani dalili da ba a cika lura da shi ba, alhali a Yola yana da ƙarfi ainun. Takarda tana shan laima, tana kuma fitar da ita. In ta sha sai ta buɗe, in ta bushe sai ta tsuke, kuma ta fi buɗewa ta faɗin zarenta fiye da ta tsawonsa. A babban falle, wannan motsi kan kai milimita guda ko fiye.

Yola na kwance a kwarin Kogin Binuwai. A watan Agusta iska kan cika da danshi, laimar ta haura kashi 70 cikin 100. Da hunturu, wajen Janairu da Fabrairu, takan faɗo ƙasa da kashi 30. A Maris da Afrilu kuwa zafi kan wuce digiri 40. Ko a yini ɗaya, iskar asuba daban, ta azahar daban.

Saboda haka mutum zai iya buga rawaya da sassafe, ya shanya, hadari ya taso da la'asar, washegari ya zo ɗora ja ya tarar takardar ba ita ce ta jiya ba. Tsakiyar hoton ta hau, gefunan sun goce. Ya yi ta zargin yaronsa ko allonsa, alhali iska ce ta yi aikin.

Katako ma haka. Allon da aka yanko daga ɗanyen itace yakan kantare da hunturu. Tawadar ruwa takan bushe a kan allo tun kafin a ɗora takarda, ta mai kuma takan kwana biyu ko uku ba ta bushe ba da damina. Ga ƙurar hunturu da ke sauka kan ɗanyen aiki. Idan aka ƙara da ɗaukewar wutar lantarki, wadda kan sa aikin inji ya tsaya tsakanin launi da launi, sai takarda ta samu isasshen lokacin sauya girma.

Maganin ba mai tsada ba ne. A buɗe takarda a bar ta ta kwana a ɗakin da za a yi aikin. A yanke ta duka ta fuska ɗaya. Tsakanin launi da launi, da zarar ta bushe, a tattara ta a rufe da leda. In da hali, a gama launukan cikin yanayi iri ɗaya.

Dabarun da ba sa cin kuɗi

Magini ba ya ɗora tubali sai ya ja igiya. Haka mai ɗab'i bai kamata ya taɓa tawada ba sai ya kafa abin da allo da takarda za su jingina da shi.

Mafi sauƙi shi ne a samu faffaɗan katako ko kwali mai kauri, a manna masa sanduna biyu da suka haɗu suka yi lungu. Kowane allo a tura shi cikin lungun nan har ya tsaya. A gefe kuma a manna wasu guntayen kwali biyu inda takarda za ta tsaya. A sa ɗigon fensir a bayan kowane falle, a kusurwar da aka fara da ita, don kada a juya.

Dabara ta biyu ita ce ta huji. A huda saman kowace takarda wuri biyu da abin huda takardun ofis, a kafa ƙananan ƙusoshi biyu a jikin katakon. Duk lokacin da za a buga, a rataya takardar a ƙusoshin, a sauke ta a hankali. In an gama aiki a yanke wurin hujin. Wanda ba ya son huda takardarsa, sai ya manna mata guntun kwali mai huji da salatif.

Ta uku ita ce tsagin Jafanawa, a yanka shi a jikin allon kansa. Amfaninsa shi ne ko allo ya motsa a kan tebur, saiti na nan, tun da alamar tana tafiya tare da hoton.

Sannan akwai batun uwar allo. A fara sassaƙa wanda ke ɗauke da baƙin layin hoton. A buga shi da tawada mai yawa a kan takarda mai santsi ko leda, tun tana ɗanya a kifa ta a kan sabon allo a murza. Hoton ya koma can daidai wa daida, har da alamar saiti. A yi wa kowane allo haka. Wajen sassaƙawa kuma a bar launi mai haske ya ɗan shige ƙarƙashin baƙin layi, yadda ko an ɗan goce fari ba zai leƙo ba. A fara bugu da launi mai haske, a ƙare da mai duhu.

Ga wanda ba shi da kuɗin alluna da yawa, akwai hanyar allo ɗaya. A sassaƙa kaɗan a buga launin farko a duk takardun, a wanke allon a ƙara sassaƙawa a buga na biyu, haka har a gama. Mai zane Pablo Picasso ya koma ga wannan hanya a ƙarshen shekarun 1950 a garin Vallauris na Faransa, tare da mai ɗab'i Hidalgo Arnéra, bayan ya sha fama da wani hoto mai alluna biyar a 1958. Sai dai hanyar ba ta da komawa baya. Abin da aka sassaƙe ya tafi, don haka dole a fara da takardu fiye da adadin da ake bukata.

Asarar da ba a lissafawa

A ɗauka mai shago ya fara da falle 100, kuma a kowane launi biyar cikin ɗari suna gocewa. In ya gama launi huɗu, abin da zai rage masa mai kyau bai wuce 80 da 'yan kai ba. Kusan kashi ɗaya cikin biyar na takarda da tawada da lokaci ya tafi kwandon shara.

Da takarda na da araha, da an ce da sauƙi. Amma masana'antun takarda uku da gwamnatin tarayya ta kafa a Jebba da Oku-Iboku da Iwopin sun daɗe ba sa aiki yadda ya kamata, kuma galibin farar takardar ɗab'i daga waje ake shigo da ita. Tun da aka saki darajar naira a watan Yunin 2023, farashin takardar ya yi tashin gwauron zabi. Kafin ta iso Jimeta daga tashar jiragen ruwan Legas, ta yi tafiyar fiye da kilomita 1,000, kuɗin mota ya hau kanta.

Wannan ne ke sa wasu masu shago su ƙi zubar da abin da ya goce. Sai su cusa shi tsakiyar mai kyau su miƙa. Ribar yini ɗaya ce, domin mai aiki in ya gano ba ya dawowa, kuma ba ya yin shiru.

Babbar asarar ita ce ta garin baki ɗaya. Mai babban aiki in ya daina yarda da maɗaba'ar unguwarsu, sai ya aika Kano ko Kaduna ko Abuja, wani har Shomolu a Legas. Kuɗin da ya kamata ya zauna a aljihun matasan Adamawa ya bi mota ya tafi.

Ɗalibai ma suna ɗanɗanawa. Lino na ainihi da tawadar ɗab'i ba kasafai ake samunsu a kusa ba, shi ya sa da yawa ke lallaɓawa da fallen katako ko ledar ɗaki mai kauri. Wanda ya yi makonni yana sassaƙa, ya zo ya rasa saiti a ranar bugu, ba kaya kaɗai ya yi asara ba. Wani daga nan yake sanyin gwiwa ya bar fannin.

Kowa da abin da yake gani

Masu shago suna da hujjarsu. Sukan ce mai aiki ne ke matsa farashi har ya kai inda ba za a iya yin gwaji ba, kuma shi ne ke zuwa a ƙurarren lokaci. Injunan tsofaffi ne, kayan gyaransu sai an aika nesa. A ganinsu, wanda ya biya kuɗin aikin gaggawa bai kamata ya nemi na natsuwa ba, tun da araha ba ta ado.

Masu kawo aiki kuwa suna ganin in mutum ya karɓi kuɗi ya ɗauki amana. Uwar amarya ba ta san zaren takarda ko laimar iska ba. Abin da ta sani shi ne sunan 'yarta ya fito da inuwa a katin da za a kai wa surukai.

Akwai matasan da suka rungumi injin dijital, wanda ke fesa launuka duka a tafiya ɗaya. Su suna ganin zancen allo da kurfi ya zama tarihi. Ga ƙaramin aiki suna da gaskiya, domin kati 50 ko ƙyallen talla ɗaya babu abin da ya fi dijital sauri. Amma in adadi ya kai dubbai, tsohon inji ya fi araha. Bugun riguna da jakunkuna da sikirin kuma har gobe launi-launi ake yinsa, kowane da nasa saiti. Shi kansa dijital ɗin, in an zo buga gaba da baya ko yanka, sai an daidaita.

Malaman zane suna kallon abin ta fuskar tarbiyya. A wurinsu, yaron da ya koyi sauke takarda a lungu ɗaya sau 30 ba tare da kuskure ba, ya koyi abin da zai amfane shi ko ɗinki ya koma, ko walda, ko gini.

Sai kuma masu cewa ɗan gocewa shi ne alamar hannun mutum. Suna kafa hujja da atamfa: shekaru da yawa ana ƙara mata launuka da allon hannu a masaƙu irin su Vlisco na ƙasar Holan, launin yakan ɗan zarce layi, kuma matan Afirka ta Yamma suka karɓi hakan a matsayin shaidar ta ainihi. Maganar tana da tushe. Amma akwai bambanci tsakanin gwanin da ya gocar da gangan, iri ɗaya a kowane yadi, da wanda abin ya kuɓuce masa. Sai wanda ya iya saiti ne zai iya karya shi ya yi kyau.

Hannu dai akwai

Babu mai cewa Adamawa ta rasa masu sassaƙa. Matan Fulani da na Ga'anda da Yungur da maƙwabtansu sun shahara da zanen ƙwarya, wasu da wuƙa mai zafi, wasu da tsinin ƙarfe suna kartawa su cike da baƙi. Aikin ya yi fice har gidan tarihin Jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles ya fitar da littafi guda a 1986 a kan ƙoren arewa maso gabashin Najeriya.

Macen da za ta zagaye ƙwarya da zane, ƙarshensa ya haɗu da farkonsa ba tare da rula ba, ta mallaki ido da hannun da ɗab'in allo ke bukata. A garin Ntonso kusa da Kumasi a Gana, da ɓallin ƙwarya ake sassaƙa hatimin da ake buga wa zanen adinkra, kuma kafin a fara bugawa sai an ja layuka an raba yadin gida-gida, don kowace alama ta faɗa gurbinta. Sana'ar tana ciyar da iyalai, tana kuma jawo baƙi.

Babu abin da zai hana zanen ƙwaryar Adamawa ya hau katin gaisuwa, da bangon littafi, da jakar biki, da hoton rataya a falo, in an haɗa shi da iya saiti.

Abin da ya kamata a yi

Ga masu shago: yaro ya fara da koyon yanka takarda daidai da jingina ta, kafin a ba shi rola. A sa kuɗin gwaji da na rarar takarda cikin farashi tun farko, a kuma faɗa wa mai aiki gaskiyar ranar da zai samu. Abin da ya goce a ware shi, kada a cusa.

Ga sassan zane na kwaleji da jami'a: su buɗe ƙofa ga yaran shago, ko da gajeren horo ne a lokacin hutu, su kuma tura ɗalibansu shagunan Jimeta su ga yadda ake fama da inji da kasuwa. Kowane ɓangare yana da abin da ɗayan ya rasa.

Ga malaman firamare da ƙaramar sakandare: darasin dankali kada ya tsaya a launi ɗaya. Kwali da fensir da launi biyu sun isa a nuna wa yaro yadda ake daidaitawa.

Ga hukumomin da ke shirya koyar da sana'o'i: raba inji ba tare da koyar da tushe ba, ƙara yawan takardar da za a zubar ne kawai.

Kai kuma mai karatu, in za ka kai aiki, ka kai shi da wuri. Ka nemi a nuna maka samfuri, ka duba gefen haruffa da bakin hoto kafin ka ce a ci gaba. In aiki ya yi kyau ka biya haƙƙinsa ba tare da ƙwauro ba, ka kuma faɗa wa wasu. Da haka ne mai saiti zai samu kasuwa, mai ha'inci ya gyara, aikin Yola kuma ya tsaya a Yola.